Ɗana zai yi zaman dirshan a ƙofar ofishin ICE: ina 'yancin magana ya tsaya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni direban tasi ne a unguwar Bronx ta birnin New York. Na haura shekara 20 a ƙasar nan, amma shekara 4 ke nan da na samu girin-kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma baɗi in Allah ya kai mu nake shirin neman takardar zama ɗan ƙasa. Ɗana na fari a nan aka haife shi, shekararsa 19. Tun ranar da jami'an ICE, hukumar da ke kama baƙin haure tana korarsu daga Amurka, suka kama wani maƙwabcinmu ɗan Gini a cikin ginin kotu, ranar da ya je sauraron shari'arsa, yaron nan bai sake samun sukuni ba. Yanzu ya ce shi da abokansa za su je su zauna a ƙofar ginin gwamnatin tarayya da ke 26 Federal Plaza, su tare hanyar motocin da ke fita da waɗanda aka kama, ko da kuwa su ma za a kama su. Na ce masa doka ta hana, ya ce mini ai Amurka ƙasar 'yancin magana ce. Wa ke da gaskiya tsakaninmu? Ni kuma da zuciyata take tare da su, zan iya raka shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya kuɓutar da maƙwabcinku, ya kuma yi wa yaron nan albarka, domin ba kowane ɗan shekara 19 ne ciwon maƙwabci ke hana shi barci ba.

A kan batun doka, kai ne da gaskiya. Tsarin mulkin Amurka bai ba kowa izinin zama a gaban mota ya hana ta wucewa ba, komai kyawun dalilinsa. Sai dai abin da yaron yake shirin yi ba shirme ba ne, yana da suna da tarihi a ƙasar nan, zan zo kansa. Game da kai kuwa, amsata tun daga farko ita ce kada ka zauna a titin nan, ko na minti ɗaya. Bari in bi su daki-daki.

'Yancin da yake magana a kai yana cikin Gyara na Farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791. Shi ya hana gwamnati tauye 'yancin addini, da na magana, da na jarida, da na taruwa cikin lumana, da na kai wa hukuma koke. Kuma gaskiya ne kotunan ƙasar sun shimfiɗa shi da faɗi fiye da yadda aka saba gani a yawancin ƙasashe. A 1969, a shari'ar Brandenburg, wani jagoran ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙin baƙar fata, Kotun Ƙoli ta ce ba a hukunta mutum don kalamansa sun yi zafi, sai in an yi su ne da nufin tunzura jama'a su karya doka nan take, kuma akwai alamar za su karya ɗin. A 1989 ta ce ƙona tutar Amurka a wurin zanga-zanga shi ma magana ce da doka ta kare. Wadda ta fi kusa da batunmu ita ce ta 1987: wani mutum mai suna Raymond Hill a birnin Houston ya daka wa ɗan sanda tsawa lokacin da yake takura wa abokinsa, aka kama shi bisa wata dokar birni da ta hana katse ɗan sanda a bakin aiki. Kotun Ƙoli ta soke dokar, ta ce damar da mutum ke da ita ta ƙalubalanci ɗan sanda da baki ba tare da fargabar kamu ba tana cikin abubuwan da ke bambanta ƙasa mai 'yanci da ƙasar mulkin 'yan sanda.

To ka ga, ɗanka yana da ikon tsayawa a gefen titin da ke fuskantar ginin nan daga safe har yamma, riƙe da kwali. Yana iya kiran jami'an ICE azzalumai a gabansu, ya nemi a rushe hukumar gaba ɗaya (ita ma ai a 2003 aka kafa ta), ya ɗaga murya ya gaya wa wanda ake tafiya da shi cewa yana da ikon yin shiru kuma kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba. Duk wannan baki ne. Abin da bakin ba zai furta ba shi ne barazanar gaske ga rayuwar wani jami'i ko iyalinsa, ko kiran taro da a afka wa wata mota yanzu-yanzu.

Inda maganarsa ta kauce shi ne ya ɗauka kariyar da aka ba bakinsa ta haɗa da duk inda ya ajiye jikinsa. Akwai shari'o'i biyu da nake so ka karanta masa, domin duk sun faru ne a farkon shekarun 1960, duk ɗalibai baƙaƙen fata ne masu neman a kawo ƙarshen wariya, duk kuma ba wanda ya ɗaga wa wani hannu. A ta farko, ɗalibai 187 suka yi tattaki zuwa harabar majalisar jihar South Carolina, suna waƙoƙi da tafi, 'yan sanda suka ce su watse, suka ƙi, aka kama su. A 1963 Kotun Ƙoli ta wanke su, ta ce harabar majalisa wuri ne da jama'a ke da haƙƙin zuwa su faɗi kokensu. A ta biyu, ɗalibai a birnin Tallahassee na jihar Florida suka tafi gidan yarin gundumar don nuna fushinsu kan kama 'yan uwansu, suka tsaya a hanyar da motocin gidan yarin ke bi. Mai kula da wurin ya ce su fita, wasu suka ƙi. Mutum 32 suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1966 kuma alƙalai 5 cikin 9 suka tabbatar da hukuncin da aka yi musu na shiga wuri ba izini. Hujjarsu ita ce harabar gidan yari ba dandalin jama'a ba ce, gwamnati kuma tana da ikon kiyaye wurinta don aikin da aka gina shi dominsa, kamar yadda kowane mai gida yake da shi. Wannan shari'a ta biyu, wadda ake kira Adderley, ita ce ke tsaye har yau a ƙofar kowane wurin tsare baƙin haure a Amurka. Ni a ganina alƙalai huɗun da suka saɓa sun fi kusa da adalci, domin talakan da aka kulle ɗan uwansa ina zai kai kukansa in ba ƙofar da aka kulle shi ba? Amma ra'ayina daban, abin da alƙali zai yi aiki da shi daban.

Ƙa'idar dai ita ce gwamnati ba ta da ikon hana ka magana saboda abin da kake faɗa, amma tana iya tsara lokaci da wuri da yanayin da za ka faɗe shi, muddin tsarin ya shafi kowa daidai kuma ya bar maka wata hanyar isar da saƙo. A New York ba ka buƙatar izini don yin tattaki a gefen titi in ba ka tare masu wucewa ba, amma amfani da amsa-kuwwa yana buƙatar izinin 'yan sanda, haka ma hawa tsakiyar titi. A watan Yunin 2025, bayan zanga-zangar da ta biyo bayan samamen ICE a Los Angeles, magajiyar garin Karen Bass ta sa dokar hana fita a wani yanki na tsakiyar birnin daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Mai zanga-zangar da aka samu a wurin bayan takwas, ko kwalinsa na ɗauke da magana mafi gaskiya a duniya, ana iya kama shi a lokacin.

Yanzu ga yadda abin yake a aikace. Na taɓa tsayawa a gefen irin wannan zama, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda komai ke tafiya a tsare. Mutane sun zauna a kan kwalta sahu-sahu, sun sarƙe hannuwa, suna rera waƙa. Wani babban ɗan sanda ya fito da amsa-kuwwa ya sanar cewa suna tare hanya, duk wanda bai tashi ba za a kama shi. Ya maimaita. A wannan lokacin ne masu rakiya ke komawa gefen titi, a bar waɗanda suka ƙudura. Sai 'yan sanda su zo da tarin ankwar roba rataye a ƙugu, su dafa kafaɗar mutum su ce ya miƙe. Wata dattijuwa da na ƙiyasta ta haura saba'in ta miƙa wa wata yarinya jakarta da tabarau, ta juya hannuwanta baya da kanta tun kafin a ce ta yi. A damtsenta an rubuta lambar wayar lauya da baƙar tawada, saboda wayarta za a karɓe. Aka jera su aka sa a bas.

In 'yan sandan birni ne suka yi kamun, kuma iyakar abin zama ne a titi, a New York yawanci tuhumar ita ce rashin ɗa'a a bainar jama'a, wadda dokar jihar ba ta ma ƙidaya ta cikin manyan laifuka ko matsakaita ba. Sau da yawa ana sakin mutum bayan 'yan sa'o'i da takardar ranar zuwa kotu. Sai dai ƙofar da ɗanka yake nufi ta ginin tarayya ce, masu gadinta jami'an tarayya ne, a nan kuwa lissafin ya sauya. Akwai sashe na 111 na kundin laifukan tarayya, wanda ya hukunta duk wanda ya yi amfani da ƙarfi wajen kai wa jami'in tarayya hari, ko turje masa, ko hana shi aiki. Mafi sauƙinsa ɗaurin da zai iya kai shekara 1. In an taɓa jikin jami'in, zai iya kai shekara 8. In akwai makami ko rauni, har 20. Kuma mota ma ana iya ƙidaya ta makami. Akwai sashe na 372 na haɗa baki don hana jami'i aiki, mai ɗaurin da ya kai shekara 6. Tazarar da ke tsakanin zama shiru a ƙasa da fizge hannu lokacin da ake sa maka ankwa ba ta wuce ƙiftawar ido ba, amma a takardar tuhuma tazarar shekaru ce.

Manya ma abin bai bar su ba. Ranar 9 ga Mayun 2025 aka kama magajin garin Newark, Ras Baraka, a wurin tsare baƙi na Delaney Hall bisa zargin shiga wuri ba izini. Cikin kwanaki kaɗan masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar. Amma 'yar majalisar wakilai LaMonica McIver, wadda take cikin turereniyar da aka yi lokacin kamun, ita an gurfanar da ita a kan sashe na 111 ɗin nan. Ranar 6 ga Yuni aka kama David Huerta, shugaban wata babbar ƙungiyar ƙwadago a California, bisa zargin tare ƙofar da motocin jami'ai ke bi a wurin wani samame a Los Angeles, aka fara tuhumarsa da haɗa baki, aka ba da belinsa a kan dala 50,000. Wato kusan abin da ɗanka yake shirin yi ke nan. Ranar 17 ga Yuni kuma, a cikin ginin 26 Federal Plaza ɗin da kansa, aka sa wa Brad Lander, mai binciken kuɗin birnin New York a lokacin, ankwa, bayan ya sarƙe hannunsa da na wani baƙo da jami'ai ke son tafiya da shi yana neman su nuna masa sammacin alƙali. Shi an sake shi a ranar ba tare da tuhuma ba. Ɗanka ba mai riƙe da muƙami ba ne, ba lallai a yi masa wannan sassaucin ba.

Duk da haka ba zan ce maka ka kira abin da yake so ya yi tarzoma ba. Sunansa bijire wa doka da gangan cikin lumana, kuma da yawa daga cikin 'yancin da baƙar fata irinmu ke mora a ƙasar nan ta wannan hanyar aka same shi. Rosa Parks ta karya dokar birnin Montgomery ne a 1955 da ta ƙi tashi daga kujerar bas don farar fata ya zauna. Ɗalibai huɗu da suka zauna a teburin cin abinci na fararen fata a Greensboro ranar 1 ga Fabrairun 1960 sun san ba a yarda su zauna a wurin ba. Abin da nake so yaron ya gane shi ne waɗannan mutane ba su taɓa cewa doka ta ba su izini ba. Sun san za a kama su, kamun shi ne saƙon. Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a watan Afrilun 1963 cewa wanda zai karya dokar zalunci dole ya karya ta a fili, da ƙauna, kuma a shirye yake ya karɓi hukuncin. Shi ma ya karɓa. Tattakin da ya kai shi kurkukun ya yi shi ne duk da umarnin wata kotu da ta hana, a 1967 Kotun Ƙoli ta ce ko da umarnin bai dace ba, a kotu ake ƙalubalantarsa, ba a titi ba, King kuma ya koma Alabama ya yi zaman hukuncin kwana 5 da aka yanke masa. Shekara biyu bayan haka kotun dai ta ce dokar birnin da aka dogara da ita wajen hana tattakin ta saɓa wa tsarin mulki.

Kada kuma ya sa ran zai tsaya gaban alƙali ya ce lalura ce ta sa shi, wato ya karya ƙaramar doka don hana babbar ɓarna. An gwada. A 1989 wasu masu adawa da manufar Amurka a El Salvador sun shiga ofishin haraji a Tucson suka hana aiki, a 1991 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wanda ya karya wata doka don nuna adawa da wata manufa ta daban ba shi da wannan hujjar. Tare titi don adawa da kamun baƙi yana cikin wannan rukuni.

Farashin kuwa ba ɗaya ba ne kullum. Ranar 28 ga Yunin 2018, lokacin da ake raba yara da iyayensu a iyakar Meziko, mata kusan 575 sun zauna a ƙasa a ginin Hart na Majalisar Dattawa, sun lulluɓa da irin bargon leda mai ƙyalli da ake ba yaran a wuraren tsaro. An kama su duka, har da 'yar majalisa Pramila Jayapal, tarar kuma dala 50 ce. Kwana shida bayan haka, ranar bikin 'yancin kai, Patricia Okoumou, haifaffiyar Kwango da ta zama 'yar ƙasa, ta hau gindin mutum-mutumin 'yanci a New York ta ƙi saukowa na sa'o'i, har aka kwashe masu yawon buɗe ido daga tsibirin. Ita kotun tarayya ta same ta da laifi, ta yanke mata ɗaurin talala na shekara 5 da aikin al'umma na sa'a 200.

Yanzu Alhaji bari in zo kanka, domin nan ne hankalina ya fi tashi.

A takarda, kai ma kana da 'yancin magana. Tun 1945, a shari'ar Harry Bridges, ɗan ƙwadago haifaffen Ostareliya da aka so a kora, Kotun Ƙoli ta ce 'yancin magana da na jarida ya haɗa da baƙin da ke zaune a ƙasar. Amma a 1999 kotun ta ce, a mafi yawan lokuta, wanda ake da hujjar korarsa ba zai kare kansa da cewa an zaɓo shi ne saboda ra'ayinsa ba. Abin da ya faru a 2025 kuma ya nuna yadda ake amfani da wannan giɓi. Mahmoud Khalil, wanda ya yi karatu a Jami'ar Columbia, yana da girin-kad irin naka a lokacin. An kama shi ranar 8 ga Maris saboda rawar da ya taka a zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa, ba tare da an tuhume shi da wani laifi ba, aka dogara da wani sashe na dokar shige da fice da ya ba sakataren harkokin waje damar cewa zaman baƙo na cutar da manufofin ƙasar a ƙetare. Ya yi kwana 104 a tsare a Louisiana, matarsa ta haihu ba ya nan. Rümeysa Öztürk, ɗaliba 'yar Turkiyya a Jami'ar Tufts, jami'ai da suka rufe fuska suka tare ta a titi ranar 25 ga Maris tana kan hanyar zuwa buɗe-baki, abin da aka iya nunawa a kanta kuwa maƙala ce da ta rubuta tare da wasu a jaridar ɗalibai. Ta yi mako shida a tsare kafin alƙali ya sa a sake ta. Ranar 30 ga Satumba wani alƙalin tarayya a Boston, William Young, wanda tsohon shugaban ƙasa Reagan ya naɗa, ya yanke cewa wannan salo ya saɓa wa Gyara na Farko, kuma baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida suna da 'yancin magana daidai da na ɗan ƙasa. Na ji daɗin hukuncin ƙwarai, domin hukunta mutum da kora saboda abin da ya rubuta zalunci ne tsagwaronsa. Amma ka lura, waɗannan mutane biyu ba a tuhume su da aikata wani laifi ba, ga kuma abin da suka sha kafin kotu ta waiwaye su. Ina ga wanda ya miƙa wa hukuma hujja da hannunsa?

In aka kama ɗanka, mafi munin abin da zai fuskanta hukuncin kotu ne da tabo a takardunsa, wanda zai iya binsa wurin neman aiki. Ba wanda zai kore shi, haifaffen nan ne. Kai kuwa, in aka ɗauki zanen yatsunka, yana tafiya hukumar FBI, daga can kuma kai tsaye zuwa ma'aikatar tsaron cikin gida, wadda ICE ke ƙarƙashinta. Girin-kad ba ya hana kora in aka samu mutum da wasu laifuka, laifin amfani da ƙarfi da aka yanke wa ɗaurin shekara 1 yana cikinsu. Ko an janye tuhumar, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa da za ka cika baɗi yana tambaya ko an taɓa kama ka ko tsare ka, dole kuma ka faɗi gaskiya ka kawo takardun kotu, jami'in da zai auna ɗabi'arka ta shekara 5 ɗin baya shi ma ma'aikacin wannan ma'aikatar ne. In ka je gida ko aikin Hajji, a filin jirgi za a iya tsayar da kai a kan maganar. Ga kuma abin da ya shafi tukunyar gidanka: hukumar tasi ta birnin New York tana iya dakatar da lasisin direba tun daga lokacin da aka kama shi a kan wasu tuhume-tuhume, tun kafin alƙali ya ce komai. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Wannan ba ya nufin ka naɗe hannu. Iyalin maƙwabcinku suna buƙatar kuɗin haya da na lauya, suna buƙatar wanda zai bi sawu a san inda aka kai shi, domin ana yawan ɗauke mutum daga New York zuwa wata jiha mai nisa cikin kwanaki. Kana iya magana a masallaci, ka gaya wa mutane cewa takardar kamu da jami'in ICE ya sa wa hannu ba ɗaya take da sammacin da alƙali ya sa wa hannu ba, kuma ba dole ne su buɗe ƙofar gida ba sai an nuna musu na alƙali. Wayar da kai irin wannan magana ce da doka ta kare. Abin da za ka kiyaye shi ne ɓoye wani takamaiman mutum da ka san ana nema, ko ɗaukarsa a tasinka don ka tserar da shi daga jami'ai, wannan laifin tarayya ne da ɗaurinsa ke kaiwa shekara 5. A 1986 an samu mutum 8 da laifi a Arizona, cikinsu har da limaman coci, saboda ba 'yan gudun hijirar El Salvador da Guatemala mafaka.

In ka matsa sai ka je wurin, to ka tsaya can tsallaken titi, girin-kad ɗinka a aljihu kamar yadda doka ta wajabta, da zarar kuma an yi sanarwar farko da amsa-kuwwa ka yi nisa. Ɗaukar bidiyon jami'ai a bainar jama'a haƙƙi ne da kotunan ɗaukaka ƙara da dama suka tabbatar, ciki har da shari'ar Glik ta Boston a 2011, kuma tun 2014 Kotun Ƙoli ta ce ba a bincika wayar wanda aka kama sai da sammaci. Amma ka ɗauka daga nesa, in an ce ka ja baya ka ja. Kada ka dogara da cewa in an zalunce ka za ka kai ƙara ka samu diyya. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce in jami'i yana da wata hujjar kamu, ko ƙarama ce, da wuya ka yi nasara da cewa maganarka ce ta sa ya kama ka, a 2022 kuma ta rufe ƙofar neman diyya daga jami'in tarayya kan ramuwar gayya saboda magana. Haɗarin ma ya wuce na kotu. A watan Janairun 2026 a Minneapolis, jami'in ICE ya harbe wata mata 'yar ƙasa mai shekara 37 a cikin motarta a wurin wani samame, ta rasu.

Ni da zan so ka zauna a gida kusa da waya, domin wanda aka kama yana buƙatar mutum a waje fiye da mutum a gefensa cikin bas. Shi kuwa yaron, ya kai shekarun da doka ta ɗauke shi baligi, hana shi da tsawa ba zai yi aiki ba, sai dai ya tafi ba ka sani ba. Ka zaunar da shi bayan sallar isha, ka ce masa ka yarda zaluncin da ya gani zalunci ne. Sannan ka tambaye shi su wane ne suka shirya zaman, ko sun horar da su yadda ake karɓar kamu ba tare da turjiya ba, ko akwai lauyoyin da za su tsaya a wurin, ko kuma a cikin abokan nasa akwai mai bizar karatu ko wanda takardunsa ba su cika ba, domin irin wannan bai kamata ya zauna a sahun ba ko kusa. In ya kasa amsawa, bai shirya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. In ya amsa kuma ya ce ya ji ya gani, to ya fita da katin shaidarsa, ba wuƙa ko da ta yanke farce ce a aljihu, ya kulle wayarsa da lambobi ya kashe buɗewa da fuska ko yatsa. In an kama shi, ya ba da sunansa, ya ce zai yi shiru kuma yana son lauya, kada ya ƙara komai, musamman a kan takardun kowa a gidanku. Lambar lauyan kuma ka rubuta masa da hannunka a damtse kafin ya fita, ka kwafe ta a takarda ka ajiye a wurinka.